ABIN DA NA GANO A BAKIN TEKU

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da labarin soyayya da na zaman kishi. To yau sai ku yi mini afuwa, domin hira nake so mu yi a kan wata tafiya da Allah Ya nufe ni da yi zuwa bakin teku, da abin da na gano a can wanda har yanzu ya ƙi barin zuciyata.

Bari in fara da tambaya. Mu mata, me ke fitar da mu daga gari? In kin ƙirga da kyau ba zai wuce abu huɗu ba: biki, suna, jinya da gaisuwar mutuwa. Wadda Allah Ya hore wa ta ƙara da Makka. Mace sai ta je Kano sau goma, daga tasha sai gidan biki, daga gidan biki sai Kantin Kwari, ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi Dala ba balle ta hau. Kai, mu bar ta Kano. Nan cikin Kaduna akwai tsohuwar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga a lambun Gamji, wadda aka kwance daga Zungeru aka kawo a 1954, amma ki tambayi matan layinku su nawa suka taɓa taka ta. Alhali kuwa tun muna firamare ake faɗa mana tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji.

Mu a layinmu a Kakuri muna da adashi na wata-wata, mu takwas. Kowa ta san inda kwasar adashi ke tafiya: atamfa, kwanuka, kuɗin makaranta, ko a rage kayan ɗakin 'ya. Ran nan muna zaune ana lissafi, sai maƙwabciyata, wata malamar firamare mutuniyar Zonkwa, ta ce ita fa ta fi shekara goma tana koya wa yara cewa akwai teku, tana zana shi a allo da alli, amma ba ta taɓa sa shi a ido ba. Aka yi dariya. Daga dariya sai magana ta zama gaske, muka ware wani abu daban muna tarawa har wata goma. Ita Kirista ce, ni Musulma, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Wanda ya san Kaduna ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama tamkar iyaka, Musulmi da yawa suka tsallaka arewa, Kiristoci da yawa suka dawo kudu. Iyayenmu dai da suka yi aikin masaƙa tare a Kakuri sun ƙi tashi, mu ma muka gaji zaman.

Da na kai wa maigida maganar sai ya dube ni ya ce, "Teku kuma? Ruwa ne fa. In ruwa kike son gani ga kogin Kaduna nan, in kai ki kan gada ki kalla har ki gaji." Na dai yi ta lallashi da daɗin baki. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne Yayana yana zaune a Agege da iyalinsa, kuma ƙanena ya yarda zai raka mu. A ƙarshe mu huɗu ne mazajenmu suka bari, sauran suka ce mu gano musu.

Da asuba muka hau mota a garejin Television, muka bi ta Abuja, muka tsallake Kwara kafin mu shiga Lakwaja. A kan wannan doguwar gada ne malamar tamu ta yi mana darasi na farko. Ta ce ruwan nan na kogin Kaduna da muke tsallakawa kullum in za mu Kasuwar Barci, daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya wuce mu, ya bi ta Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe, a Lakwaja su haɗu da Binuwai, daga nan sai teku. Na ce ashe ruwan garinmu ya daɗe da riga mu zuwa inda za mu. Sai dare ya raba sosai muka isa Ikko, ƙafafu duk sun kumbura. Agege kuwa, in ba don Yarbancin da ke tashi jefi-jefi ba, sai ki rantse a Tudun Wada kike: ga masu goro, ga masu shayi, ga tuwo da miyar kuka, har da Sarkin Hausawa.

Yaya ne ya ba mu shawara. Ya ce in teku kawai muke so akwai shi kusa, amma in muna so mu ga teku da tarihi a wuri ɗaya, to mu daure mu je Badagiri. Garin yana yamma da Ikko, a kan hanyar da ta nufi Seme, iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Mutanensa Egun ake ce musu, sarautar sarkinsu Akran, sana'arsu su da noman kwakwa. Yadda Allah Ya shirya wurin abin mamaki ne. Garin ba a bakin teku yake kai tsaye ba. A gabansa akwai wani ruwa mai faɗi, kwance lumui kamar tafki, yana shiga lungu-lungu tsakanin itatuwa inda masunta ke ɗaure jiragensu. In kin tsallake shi sai wata siririyar ƙasa ta rairayi, doguwa, ruwa gaba ruwa baya, ana kiranta Gberefu. Bayanta ne babban teku yake. Wannan shiri shi ya jawo wa garin arziki, shi kuma ya jawo masa baƙin tarihi, domin a ruwan kwance ake tara kaya cikin rufin asiri, a tsallaka da su, manyan jirage na jira a waje. Kayan kuwa mutane ne.

Mun fara da gidan benen da ake cewa shi ne na farko da aka gina irin na Turawa a Nijeriya, wanda 'yan mishan suka gama a 1845. Ɗan ƙarami ne, fari, da matakalar katako, ko benayen Barnawa sun ninka shi. Nan maƙwabciyata ta yi tsit, idonta ya kawo ruwa, domin a garin nan ne aka yi wa'azin addininsu a 1842 a ƙarƙashin wata bishiya mai suna Agiya, wadda ta faɗi a 1959 aka gina alama a gurbinta. A cikin benen aka nuna mana hoton Ajayi Kurauda, yaron da mahara suka kama a ƙasar Yarbawa a 1821, aka sa shi a jirgi, jirgin yaƙin Ingila ya tare su aka 'yanta shi, daga baya ya juya Baibul zuwa Yarbanci, ya zama bishop baƙar fata na farko na cocin Angilika a 1864. Na tsaya na jira ta har ta gama kallonta, kamar yadda na san ita ma za ta jira ni in da hubbaren Shehu muka je.

Daga nan raha ta ƙare. Aka kai mu wani ɗan ɗaki na gidan sarautar Mobi inda suka adana sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su. 'Yar uwa, jin labarin mari daban, ɗaukarsa a hannu daban. Akwai na wuya, akwai na ƙafa wanda ake haɗa mutum biyu, akwai wani ƙarfe da mai rakiya ya ce leɓe ake hudawa a kulle da shi don kada mutum ya yi magana ko ya ci abin da aka sa shi nomawa. Ɗaya daga cikinmu ta ce a ɗora mata na wuya ta ji. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce a cire, wuyanta zai karye. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai wata 'yar sarƙa ce ƙarama, zobenta bai fi awarwaron yarinya ba. Na tambaya, aka ce ta yara ce, da ita ake haɗa su don kada su dami iyayensu da kuka a wurin aiki. Wallahi sai da na ji nonona ya tsatsa, na tuna autana da na baro wa kakarsa.

Sai gidan Seriki Abass. Da jin sunan kin san sarki ne aka juya, domin shi ne Sarkin Musulmin Badagiri a zamaninsa, ya rasu a 1919. Labarinsa abin a zauna a yi tunani ne. Shi kansa bawa ne tun yana yaro. An kama shi a ƙasar Yarbawa, ya bauta wa wani mai suna Abass, aka sayar da shi ga wani Bature ya tafi da shi Barazil, ya koyi karatu, ya dawo. To da ya dawo sai me? Sai ya shiga cinikin bayi shi ma. A gidansa akwai ɗakuna 40, an bar biyu yadda suke don masu ziyara, sauran jikoki na ciki. Ɗakin bai kai kicin ɗina ba, tagarsa 'yar huda ce can sama, amma mai rakiya ya ce mutum 40 ake cusawa a ciki, su yi wata da watanni suna jiran jirgi. Muka shiga mu shida ya turo ƙofa, nan take numfashi ya fara gagararmu.

A nan aka nuna mana kayan da ake musayar mutane da su. Ga wata tsohuwar laima, mai rakiya ya ce mutum 40 aka bayar aka karɓe ta. Ga kwalaben barasa, ga farantan tangaran masu zane, ga madubi, ga bindiga, kowanne da adadin mutanen da ya ci. Maƙwabciyata ta taɓa ni ta ce, "Maman yara, kin ga naku." Na ce, "Na gani. Jiragen da suka zo saye kuma na su wa?" Ta ce, "Namu." Muka yi shiru, domin a wannan ciniki babu mai wankakken hannu. Bature ya zo da jirgi da kuɗi, amma ba kasafai yake shiga daji kamun mutane ba. Baƙi ne suka kamo baƙi, suka kora su har bakin ruwa.

Kada ki ce wannan tarihin mutanen kudu ne, ina ruwanmu. Mu da muka karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta mun san hanyar bayi ta arewa, wadda ta ratsa Sahara. To akwai ta kudu, kuma kakanninmu sun bi ta. A yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 an kama mutane masu yawa a ƙasar Hausa, wasu aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu, ta Nufe, ta Oyo, har Badagiri da Ikko da sauran tashoshin bakin teku. Da yawansu a Bahiya ta ƙasar Barazil aka sauke su. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, Yarbawa da Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salbado, aka murƙushe su, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ki duba fa, mutum an raba shi da uwa da uba da gari, an canza masa suna, amma bai yar da karatun allonsa ba. Masana sun ƙiyasta mutum wajen miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka cikin shekarun wannan ciniki, kusan miliyan 2 ba su kai gaci ba, teku ne kabarinsu.

Cikin dubban da suka tafi, akwai ɗaiɗaiku da Allah Ya dawo da su. Akwai wani Bagobiri mai suna Abubakar, Turawa suna ce masa Fasko. An sayar da shi har bakin teku, aka sa shi a jirgi, sojan ruwan Ingila suka 'yanta shi, ya zama ma'aikacin jirgi. Shi ne ya yi wa Kyaftin Kilafaton tafinta lokacin da ya tashi daga nan Badagiri a watan Disamba na 1825, ya bi ta Oyo da Borgu da Nufe da Zariya da Kano, har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda Baturen ya mutu a 1827. Wato hanyar da muka yi kwana ɗaya a mota muna ƙorafin ciwon baya, Abubakar ya sauko ta a ɗaure, ya koma ta a sake, da ƙafa da doki.

Da rana ta ɗan karkata muka shiga jirgin ruwa mai inji, aka ba mu rigar kariya muka ɗaura a kan hijabi, kowa na salati. Minti kaɗan muka tsallaka Gberefu. Daga nan tafiyar ƙasa ce cikin rairayi, wajen rabin awa, itatuwan kwakwa dama da hagu. Ita ce hanyar da bayi ke bi ta ƙarshe a ƙasar haihuwarsu. A tsakiya akwai wata rijiya da masu rakiya ke cewa an yi mata asiri, duk bawan da aka ba ruwanta sai ya manta gida. Ko da asiri ko babu, na ce a raina, ai wanda ya yi wata uku a ɗakin can ya sha yunwa da duka, ba ya bukatar rijiya kafin hankalinsa ya gushe. Rairayin da zafi, takalmi na nutsewa, mu da ba mari a ƙafarmu muna haki.

Tun kafin mu gan shi muka fara jin sa, wani ruri kamar hadari na tasowa amma ba ya saukowa. Muka hau ɗan tudu, muka wuce alamar da aka gina a wurin da ake kira inda ba a dawowa, sai ga shi. Allahu Akbar! 'Yar uwa, duk yadda zan kwatanta miki ba zan iya ba. Ruwa ne ba gaɓa, ya tafi ya tafi har ya haɗe da sama. Igiyarsa ta taso kamar katanga, ta yi fari, ta faɗi, ta shimfiɗo kumfa har ƙafarki, ta koma tana janye rairayin da kike tsaye a kai. Malamarmu ta durƙusa ta ɗebo a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar ta ce, "Da gaske ne ashe, gishiri ne!" Muka yi dariya har da hawaye. Muka tattare zannuwa, igiya ta zo mu ruga, ta koma mu bi ta, mata da 'ya'ya huɗu-huɗu mun koma yara. Can kuma sai na juya na dubi hanyar da muka fito, na tuna cewa yarinyar da aka kamo daga Zazzau ko Gobir ita ma a nan ta fara ganin teku, ita ma ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu ba. Abin da ya ba mu dariya, ita me ya ba ta?

Ina tsintar 'yan ƙwarya-ƙwaryar bakin ruwa don tsarabar yara sai zancen wuri ya faɗo mini. Kin san kalmar kuɗi da muke faɗa dare da rana, asalinta jam'in wuri ce? Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Shi kuwa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, daga tsibiran tekun Indiya Turawa ke lodo shi a jirage, su sauke a irin wannan gaɓa su sayi mutane, daga nan fatake su haura da shi arewa har kasuwar Kurmi. Ashe tun kafin mu ga teku, teku ya daɗe da shiga lalitarmu.

Kashegari muka je wani bakin ruwan shaƙatawa da ake kira Suntan, a kan hanyar Seme, inda akwai rumfunan ganyen kwakwa da dawakin haya. Muka sha ruwan ɗanyar kwakwa, muka ci soyayyen kifi da yaji, muka ga masunta sun yi layi suna jan taru ɗaya su fi ashirin. Ga mai niyyar zuwa, ga 'yar shawara. Ki je ranar aiki da safe, domin Asabar da Lahadi akwai cunkoso da kiɗa da shigar da ba za ki so yaranki su gani ba. Kada ki yarda ruwa ya wuce gwiwarki, domin tekun wannan gaɓa yana da ja ta ƙasa, ko gwanin iyo yana shakkarsa, kuma kada ki saki hannun yaro ko na ƙiftawar ido. Ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya saboda jan wata, don haka inda kika shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar. Ki riƙe katin shaidarki saboda shingayen hanya, ki yi ciniki da mai jirgi da mai rakiya tun kafin ki hau. In kuma Ikko ta yi miki nisa, ki fara da na kusa, ga Kufena a Zariya, ga Matsirga a Kafanchan, ga Gobarau a Katsina.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da na dawo abu biyu suke damuna, kuma duka biyun a hannunmu mata suke.

Na farko, gorin asali. Ingila ta hana 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, Barazil ta 'yanta nata a 1888. A nan Arewa an yi doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. Amma har gobe in an zo binciken aure, sai ki ji wata tsohuwa ta rage murya ta ce, "Ai gidansu cucanawa ne, kakansu bawan gidan wane ne." Na san yarinyar da aka fasa aurenta an riga an sa rana, yaron ga ilmi ga sana'a ga hankali, laifinsa kawai an kama kakan kakansa a gona yana yaro. Don Allah a nan wa ya kamata ya ji kunya, jikan wanda aka sace ko jikan wanda ya yi satar? Wadda ta ɗaga sarƙar nan ta yara da hannunta ba za ta ƙara buɗe baki ta ce wa wani ɗan bayi ba. Kuma wa ya tabbatar miki da naki asalin? Da mahara sun biyo ta gonar kakanki a wannan rana, da yanzu ke ce a Bahiya kina wani yare.

Na biyu ya fi kusa da mu, domin yana cikin kicin ɗinmu. Lokacin da aka nuna mana farantan da aka ba da mutane aka karɓa, duk muka riƙe baki muna cewa wane irin rashin imani ne wannan, mutum ɗungurungum a kan tangaran. To mu dubi yadda 'yar aiki ke zuwa gidajenmu. Wata mata ce ke shiga ƙauyuka ta kwaso yara, 'yan shekara tara, goma, sha ɗaya, ta rarraba su gida-gida, ta cire nata kason. Kuɗin wata ba ya shiga hannun yarinyar, uwa ake aika wa, ita kuma tana tarawa don me? Don kayan ɗaki. Kwanuka da tangaran. Yarinya ta yi shekara biyar tana wanke-wanke a gidan da ba a san sunan ubanta ba, don a jera kwano a bango ranar da za a kai ta gidan wani.

Ban ce 'yar aiki baiwa ce ba. Ba a sa mata mari, kuma in Sallah ta zo tana iya zuwa gida. Na kuma san talauci ne ke sa uwa ta rabu da 'yarta, na san akwai matan da suka riƙe 'yan aiki tamkar 'ya'yan cikinsu har suka aurar da su, Allah Ya saka musu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mu ne muke shiga gidajen juna. Mun san gidan da ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, makwancinta tsakanin buhun shinkafa da galan ɗin manja. Mun san gidan da abincinta ƙanzo ne da sauran yara, kwanonta daban kamar mai cuta. Mun san inda take goya jakar 'ya'yan gida ta raka su makaranta, sa'o'inta, ta juyo daga bakin ƙofa ta koma wanki. Ba boko, ba Islamiyya, sunanta "ke". In kofi ya fashe a cire a kuɗinta, in nama ya ɓata ita ce ɓarauniya tun kafin a tambaya, wani gidan har da wayar wuta. In kuma wani namiji a gidan ya lalata ta, ita za a kora da dare a rufa wa gida asiri. Seriki Abass ya ɗanɗani bauta da kansa, bai hana shi cusa mutane a ɗaki ba. Mu ma da muke kukan danniyar maza da ta uwar miji, sai ga shi in Allah Ya ba mu iko a kan wata 'yar ƙarama, mun manta zafin.

Hukuma ta yi nata. Tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, dokarta ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, Jihar Kaduna kuma ta yi dokar kare yara a 2018. Sai dai doka ba ta shiga kicin. Wadda ke shiga kicin ke ce, Hajiya, ke ce, amarya.

Don haka ga roƙona. In za ki ɗauki mai taya ki aiki, ki ɗauki babba wadda ta san ciwon kanta, ku yi ciniki da ita, kuɗinta a hannunta ranar da wata ya cika. In kuwa ƙaddara ta riga ta kawo miki yarinya, to amana ce. Ki san garinsu, ki san iyayenta, ki ba ta waya ta gaishe su. Ki sa ta makaranta ko da ta yamma ce, ki koya mata ɗinki ko girkin sayarwa, abin da za ta riƙe kanta da shi gobe. Ta ci abin da 'ya'yanki suka ci, ta kwana inda za ki yarda 'yarki ta kwana, ki kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Ki hana 'ya'yanki aiken ta da ƙafa ko ɗaga mata hannu, domin abin da suka gani a wurinki shi za su kai gidajensu. Ku kuma 'yan mata masu shirin aure da ke cewa sharaɗi sai an kawo muku 'yar aiki, ku tuna ita ma 'yar wata ce, da naƙuda aka haife ta. In kin ga ana azabtar da wata a maƙwabta, kada ki ce ba ruwanki. Ki yi wa uwar gidan magana cikin hikima, in ta ƙi ji ki kai wa mai unguwa ko malamin da take jin nauyi.

Waɗanda aka bi da su ta Gberefu sun tafi, ba abin da za mu iya yi musu sai addu'a. Amma yarinyar da ke tsugune bakin famfonki yanzu haka da tulin kwanuka a gabanta, ita tana nan, kuma za a tambaye ki a kanta.

Allah Ya jiƙan waɗanda teku ya ci da waɗanda suka mutu a baƙuwar ƙasa ba mai yi musu sutura. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya hana mu zaluntar na ƙasa da mu, Ya zaunar da Kaduna lafiya, kudu da arewa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in rai ya kai.